Daga Bagadaza zuwa Rurum: Tarihin Dabarun Shaɗaranji da Dara

Wanda duk ya taɓa ratsa ƙasar Rano bayan kaka, lokacin da aka gama yankan dawa aka kai amfani rumbu, wuni kuma ya yi wa manomi tsawo, zai shaida cewa a Rurum Sabon Gari, kamar sauran garuruwan yankin Rano da Kibiya, da wuya a rasa wata inuwa inda magidanta biyu suka tona gurabu talatin a ƙasa, wannan da tsinke goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu, jama'a kuma sun yi musu zobe, kowa bakinsa yana ƙaiƙayi don ya hango abin da mai wasa bai hango ba. Wannan ita ce dara, wadda muka tashi muka tarar, kuma saboda sabo da ita ba mu cika ɗaukar ta a bakin komai ba. Amma tana da wani ɗan'uwa wanda ya zaga duniya, sarakuna suka girmama shi, malamai suka yi talifi a kansa, alƙalai suka yi masa hukunci, wato shaɗaranji, wanda yaran yanzu suke gani a cikin wayar hannu suna zaton Turawa ne suka ƙago shi. Nufina a wannan bahasi in bi sawun fanni guda daga cikin fannoninsa, shi ne fannin dabarun kashe sarki, in nuna yadda aka fara rubuta shi da hannun da ya rubuta, sa'an nan in komo gida in bincika dalilin da ya sa darar tamu, alhali tana da dabaru masu kama da waɗannan, ta zauna ba ta da littafin mas'aloli a hannun masu yin ta.

Masana tarihi sun tafi a kan cewa asalin shaɗaranji ƙasar Hindu ne, wajen ƙarni na 6 na Miladiyya, kuma an tsara shi ne bisa siffar rundunar yaƙi ta wancan zamani mai sassa huɗu, wato giwaye da dawakai da karusai da dakaru, da sarki da wazirinsa a tsakiya. Daga can ya shiga Farisa, da Musulmi suka buɗe Farisa a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, sai suka tarar da shi a cikin abin da suka gada na mutanen ƙasar. Bai zama ilimi mai littattafai ba sai a daular Abbasiyawa, bayan da Halifa Mansur ya gina Bagadaza a shekarar 762, sana'ar yin takarda kuma ta iso birnin kafin ƙarshen wannan ƙarni, har ya zamana abin da a dā ba a ɓata masa fata mai tsada yanzu ana iya ba shi shafi.

Wajibi ne mai karatu ya san yadda 'ya'yan wasan suke tafiya a wancan lokaci, domin a cikin tafiyar tasu dalilin kome yake. Allon yana da gidaje 64. Sarki yana taku ɗaya ta kowace fuska, doki yana tsallensa na karkace kamar yadda yake yi har yau, rukku, wato karusar yaƙi, yana zarcewa a miƙe iyakar inda hanya ta buɗe, dakare kuma taku ɗaya yake yi gaba, ya ci a karkace. Amma waziri, wanda a yau ya fi kowa ƙarfi, a wancan zamani taku ɗaya tak yake yi ta kusurwa. Giwa kuwa tana tsallake gida ɗaya ta kusurwa ta dira a na biyu, ko da akwai wani a tsakani, kuma saboda wannan tafiya gidaje takwas kaɗai take iya takawa a duk faɗin allon. Rundunar da mafi yawanta masu gajeren taku ne ba ta saurin isa ga sarkin abokan gaba, don haka wasa yakan yi tsawo, kuma sau da yawa yakan ƙare ne ta hanyar cinye wa sarki mutanensa duka a bar shi shi kaɗai, wanda a ƙa'idarsu shi ma nasara ne. Tsare sarki a kashe shi alhali rundunarsa tana tsaye abu ne mai wuyar samuwa, kuma wuyar tasa ce ta sa idan ya auku sai a riƙe shi, a zana shi, a nuna wa wanda bai halarta ba.

Farkon wanda sunansa ya shahara da talifi a wannan fanni shi ne Adli, wanda ya rubuta littafinsa wajen shekarun 840, ya tara tsare-tsaren buɗe wasa da ake kira ta'abiya, ya kasa 'yan wasa ɗabaƙa-ɗabaƙa, ya kuma jera mas'alolin ƙarshen wasa. Ya riƙe gaba har zuwa ranar da wani mai suna Razi ya rinjaye shi a gaban Halifa Mutawakkil, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861. Bayansu sai Abubakar Muhammadu ɗan Yahaya Assuli, wanda ya kayar da Mawardi, gwanin fadar Halifa Muktafi, a farkon ƙarni na 10, ya rasu a Basra wajen 946. Assuli cikakken malami ne na adabi da tarihi, shi ya tattara diwanin mawaƙa irin su Abu Tammam, ya rubuta labarin halifofi, kuma da wannan horon na malanta ya fuskanci allon: ya ɗauki littafin Adli yana bin mas'alolinsa ɗaya bayan ɗaya, inda ya ga daidai ya tabbatar, inda ya ga kuskure ya yi gyara tare da hujja, kamar yadda mai sharhi yake yi wa matani. Almajirinsa Lajlaj ya ɗora daga inda ya tsaya. Ibnu Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, da ya zo jera sunayen littattafan da aka sani a cikin Fihirisarsa wajen 987, bai ga aibin sanya waɗannan mutane da talifinsu a ciki ba.

Mas'alar da suke zanawa sunanta mansuba. Siffarta mafi yawa ita ce a nuna maka allon da wanda zai yi nasara yake kamar ya riga ya halaka, sarkinsa saura taku ɗaya a kashe shi, ta yadda ba shi da damar yin wani motsi na natsuwa, sai dai kowane takunsa ya zama hari ne a kan sarkin abokin karawa, har ya kai shi inda ba mafita. Wadda ta fi shahara ita ce ake jingina wa wata mace mai suna Dilaram, kuma ya kamata a tsaya a dube ta da kyau. Sarkin mai wasa yana gefen allo, rukku biyu na abokin gaba sun tsare shi. Shi kuwa yana da rukku biyu a layin ƙarshe na ɗaya gefen, ɗaya a gaba ɗaya a baya, giwarsa tana tsakaninsu ta tare wa na bayan hanya, dokinsa yana kusa da ita ta kusurwa, dakarunsa biyu kuma suna kafaɗa da kafaɗa, saura taku biyu su kai layin sarkin abokan gaba, wanda yake zaune a gidan da ke maƙwabtaka da lungu. Sai ya ɗauki rukkun gaba ya jefa shi cikin lungun, daf da sarkin. Sarki ba shi da wani gida da zai koma, tilas ya ci. Sai giwa ta tsallake dokin gidansu ta dira, tashinta ya buɗe wa rukkun baya hanya, hari ya faɗa wa sarki daga nesa. Ko an sa rukku a tare, cinye shi za a yi, sarki ya koma gidansa na farko. Sai a sāke jefa rukku na biyu cikin lungun nan, sarki ya sāke ci bisa tilas. Yanzu dakare ya matsa taku ɗaya ya kai hari. Sarki ba ya iya cin sa domin ɗan'uwansa yana tsaron bayansa, ba ya iya saukowa domin giwar nan, wadda mai kallo ya zaci kauce wa hanya kawai ta yi, tun ɗazu ta tsare wannan gida. Ya koma inda ya fito, doki ya yi tsalle, magana ta ƙare. An ba da mafi tsadar abin da ake da shi har sau biyu, aka yi kisa da ƙananan 'ya'ya. Labarin da marubutan baya suka rataya wa wannan mansuba shi ne wai wani basarake ne ya yi caca har ya sa matarsa a ciki, ita kuma da ta ga yana shirin sallamawa ta ɗaga murya ta ce ya ba da rukku biyun ya bar ta. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta caca, domin za mu sāke haɗuwa da ita.

Akwai kuma wata mas'ala ta Assuli wadda ba ta da kwarjinin wannan a ido, sarki da waziri ne kawai a kowane ɓangare, wadda ya ce babu mai warware ta sai wanda shi ya koya wa. Ta zauna a cikin takardu sama da shekara dubu, sai a shekarun 1980 wani gwani ɗan Rasha, Yuri Averbakh, ya fito da hanyarta, aka ga dattijon gaskiya ya faɗa.

Ta Andalus da Sikiliya wasan ya ƙetara zuwa ga Turawa, kuma tare da mansubobinsa ya ƙetara. Littafin wasanni da Sarki Alfonso na Goma ya sa aka kammala a Ishbiliya a 1283 yana ɗauke da mas'aloli 103, mafi yawansu daga littattafan Larabawa aka ɗebo su. Wajen 1475, a ƙasar Sifaniya, aka sauya ƙa'ida: waziri ya koma sarauniya mai zarcewa ta kowace fuska, giwa ta sami damar ratsa allo ta kusurwa, wasa ya yi sauri, kisan sarki ya zama shi ne hanyar nasara ta yau da kullum. A littafin da wani mai suna Lusena ya buga a 1497 an riga an ga dabarar nan ta shaƙe sarki, inda ake miƙa sarauniya a gidan da ke gefensa don rukkunsa ya ci ta ya toshe masa ƙofa ta ƙarshe, doki ya zo ya same shi a tsakiyar mutanensa ba wurin motsi. A nan kam dara ta ci gida. A Landan kuma, a 1851, Bajamushen nan Adolf Anderssen ya ba abokin karawarsa Kieseritzky giwa da rukku biyu da sarauniya, ya kashe sarkinsa da ƙananan 'ya'ya uku, Turawa suka yi ta yabon wasan har yau. Ni a ganina wanda ya san mansubar Dilaram ba zai ga baƙon abu a nan ba. 'Ya'yan sun ƙara ƙarfi, amma asalin hikimar yana nan yadda Adli da Assuli suka bar shi: a ja sarki zuwa inda ake so da abin da ba zai iya ƙin ci ba, a janye mai tsaro daga wurin tsaronsa, a ɓoye hari a bayan wani ɗa sa'an nan a ɗauke shi, a kai hari biyu da taku ɗaya.

To, mu fa? Shaɗaranji ya iso ƙasar Hausa, amma ta ƙofar fiƙihu ya shigo, sunansa ya riga allonsa. Tun zuwan Wangarawa Kano a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, da zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, mazhabar Imamu Malik ce ta kafu a nan, kuma littattafanta ne almajiri yake bi daga zaure zuwa zaure. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Malik ya ƙi wannan wasa, bai ga alheri a cikinsa ba. A ƙarshen Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda babu wata makarantar ilimi a ƙasar Kano da ba a karanta ta, an haɗa shi da nardu, wasan da ake yi da jefa ƙwaya, an hana yin su, an ƙi zama wurin masu yi da kallonsu, ko da yake ba a hana yi musu sallama ba. A Muhtasar na Halilu kuma an lissafa dawwama a kansa cikin abubuwan da suke zubar da adalar mai shaida. Shafi'awa sun sassauta, suka tsaya a kan karhanci muddin babu caca, babu jinkirta salla, babu alfasha, kuma an ruwaito cewa wasu daga cikin tabi'ai, irin su Sa'idu ɗan Jubairu, sun yi shi. Ba ni da ja da malamanmu a kan abin da suka tsorata. Wanda ya ga yadda wasa yake cinye wa mutum la'asar da magariba, ya ji rantsuwar ƙarya da ake zubarwa a kansa, ya tuna basaraken da ya sa iyalinsa a caca, zai gane cewa hukuncin nan yana da tushe. Sai dai sakamakon da ya biyo baya a fili yake: malamin da shi kaɗai ne mai alƙalami da takarda a gari ya san sunan shaɗaranji, ya san hukuncinsa, amma mutuncinsa ba zai bar shi ya zauna ya zana allon wasa ba, ko na shaɗaranji ko na dara.

Duk da haka allon kansa ya taɓa ƙetaro Sahara. Wani ɗan kasuwa mutumin Maroko, Shabini, wanda aka buga labarin tafiyarsa a Ingila a 1820, ya ba da labarin cewa mutanen Tambutu suna yin shaɗaranji kuma sun gwanance. Kusa da mu kuma, a Barno, an yi shi a tsakanin manyan fada da sunan tsatsarandi, kuma sun sa wa 'ya'yansa sunayen sarautunsu, sarki shi ne Mai, na kusa da shi Ciroma, rukku kuma Kaigama. Wani jami'in Turawan mulki mai binciken al'adu, Meek, ya rubuta bayaninsa a wata mujalla ta Landan a 1934, wani kuma mai suna Harris ya ƙara a kai a 1939, kuma tun a lokacin masu iya shi 'yan tsiraru ne, tsofaffi. Yau ya shuɗe. Wasan da aka yi a fadar da take da malamai da magatakarda, wadda take musayar wasiƙu da Misira da Tarabulus, abin da ya rage mana na saninsa 'yan shafuka ne da baƙi suka rubuta, sunayen 'ya'ya da yadda suke tafiya. Gwanintar da aka yi da su, da tarkon da wani Kanuri ya ɗana wa wani a wata ranar da jama'a suka yi ta mamaki, sun bi masu su kabari. Wannan abu yana yi mini ciwo ƙwarai.

Kada kuma wani ya ce kayan aikin ne babu. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi talifi wajen 1732 a kan ilimin aufaƙi, wato jera lambobi a cikin gidaje masu murabba'i ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, kuma masana lissafi na duniya suna ambaton sa har yanzu. Kowane malamin zaure a ƙasar Rano ya iya ja layi ya tsaga gidajen hatimi ba tare da hannunsa ya karkace ba. Hannun da ya iya wannan, zana gurabu talatin na dara ba zai gagare shi ba. Tawada tana nan, haƙuri yana nan, basira tana nan; izini ne al'ada ba ta bayar ba.

Bari mu dubi darar da idon da muka dubi mansuba. Ana yin ta daga ƙasar Hausa har zuwa wurin Dakarkari na Zuru da Zabarmawan Nijar, waɗanda suke ce mata dili, kuma ko da yake ƙa'ida takan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, ginshiƙinta ɗaya ne. Layi biyar ne, kowane layi gurbi shida. Da farko ana zuba 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, kai ka sa in sa, kuma ba a yarda ka jera uku a lokacin zubi ba. In an gama sai a fara tafiya, taku ɗaya zuwa gurbin da ke kusa, gaba ko baya ko gefe, ban da kusurwa. Wanda ya jera uku daidai ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa, wanda ya zaɓa. Huɗu a jere ba ci ba ne. A ƙidaya gurabun daga 1 zuwa 30, layin farko 1 zuwa 6, na biyu 7 zuwa 12, haka har ƙarshe. Idan mai tsinke yana da 'ya'ya a gurbi na 1 da na 2, yana da wasu a na 10 da na 11, ya kuma sami ɗa na biyar ya shiga na 9, to ya jera 9 da 10 da 11, ya ci. In zagayensa ya dawo ya ɗaga wannan ɗan zuwa na 3, ya jera 1 da 2 da 3, ya sāke ci. Ya komar da shi na 9, ya ci. Wannan shi ake kira doki, kuma wanda aka hau masa shi yana zaune za a kwashe masa tsakuwarsa ɗaya bayan ɗaya. Maganinsa guda ne, a faɗa cikin gurbin da ɗan ya bari kafin ya komo, kuma ƙofofin shiga uku ne kacal: na 4 yana shiga na 3, na 8 da na 15 suna shiga na 9. Saboda haka gwani ba ya cin tsakuwar da ta fi kusa da hannunsa. Wadda take zaune a bakin ƙofa yake fara ɗaukewa, sa'an nan wadda take taku ɗaya daga ƙofar. Kuma tun a lokacin zubi, sa'ad da ɗan kallo yake ganin kamar ana watsa 'ya'ya ne barkatai, rigimar duk a kan waɗannan ƙofofi ake yin ta.

Har sadaukarwa irin ta Dilaram akwai ta. Idan tsakuwa ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi tashi, gwani yakan buɗe wa mai ita wata hanyar ci wadda ba za ta yiwu ba sai da wannan tsakuwar, ya bar shi ya jera ukunsa ya ɗauki tsinke yana murna. Wahalar lissafin a nan take, domin mai ci shi yake zaɓen abin da zai ɗauka, kuma zai iya ɗauke ƙafar dokin. Don haka ba a miƙa wannan tayi sai an tabbata cewa duk tsinken da ya cire akwai wani a taku ɗaya da zai maye gurbinsa, ko kuwa akwai hari na biyu a wani sashe da ba a tare shi da cin ɗa guda. Mutumin da yake iya riƙe wannan duka a ƙwaƙwalwarsa, yana zaune a kan buzu ko a ƙasa, ba takarda ba alƙalami, da a Bagadaza aka haife shi da an sa shi a wata ɗabaƙa an rubuta sunansa.

Rano tsohuwar ƙasa ce, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, mai kirarin Autan Bawo, kuma a rabon ayyuka na tarihin baka ita da Kano ne sarakunan baba, wato masu rini da saƙa. Sana'o'in nan na zaune ne, rani kuma a dā dogo ne ga wanda bai tafi cin-rani ba, don haka dara ta sami wurin zama da lokacin da za a gaje ta daga tsoho zuwa yaro ta hanyar kallo kawai. Zamani ya taɓa wannan tsari. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974, tana maƙwabtaka da duwatsun Rurum, kuma ruwanta ya buɗe noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, ya kawo kamun kifi, ya mai da watannin hutu watannin aiki ga mutane da yawa, wanda kuwa alheri ne babba. Haka kuma rediyo ya zo, gidan kallon ƙwallo ya zo, karta da ludo suka karɓe wasu inuwoyin, wayar hannu ta karɓe idon samari. Ilimin da ba shi da wata ma'ajiya sai kallo, ranar da masu kallo suka juya wani wuri ya kama hanyar da tsatsarandi ya bi.

Saboda haka nake kira ga malaman makarantun Rurum Sabon Gari da Tsohon Gari, da na Rano da Kibiya, da ɗaliban da suka iya rubutu da boko ko da ajami, su sayi littafi guda na rubutu su je wurin dattawan da aka san su da dara tun suna da rai. A zana gurabu talatin a kowane shafi, a sa alamar tsinke da ta tsakuwa, a rubuta wanda yake da tafiya, a rubuta warwarar a bayan shafin, a kuma rubuta sunan wanda aka ɗauko mas'alar daga gare shi da garinsu da wanda ya koya masa, yadda malamanmu suke kiyaye isnadi. A tambaye su sunan da suke kiran kowane tarko da shi, da inda ƙa'idar Rurum ta saɓa wa ta maƙwabta. A yi wannan ba tare da caca ba, a tashi idan an kira salla, kuma wanda zuciyarsa ta yi shakka a kan hukunci ya tambayi malamin garinsu kafin ya fara. Aikin bai fi ƙarfin ɗalibi ɗaya mai himma a rani ɗaya ba. Allah Ya sa a sami wanda zai ɗauka.